Neman kalma: me za mu kira ƙarfen da ke yanka mana ado a takarda?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kalma nake nema, kuma da gaske nake nemanta.

Ina haɗa katin gaisuwa da hannu a nan Agege, Legas: na barka da Sallah, na suna, na walimar sauka, wani lokaci na biki. Ranar Asabar 'yan mata shida suna zuwa ɗakina ina koya musu. Makon jiya muna kan wani kati mai adon sitiroberi, sai na ce wa ƙaramarsu, "Miƙo min dai ɗin nan." Ta tsaya tana kallona, tana jira in ƙarasa magana. A kunnenta "dai" ta Hausa ta ji, irin ta "zo dai" da "ke dai". Gaskiyarta ce. Turawa suna rubuta sunan ƙarfen die, aikin kuma die-cut, masu buga takardu a Shomolu suna cewa "daikot". Da wata daga cikin yaran ta sa waya ta fassara mata, "yankan mutuwa" ta samu, domin kalmar ta yi daidai da ta mutuwa a Turanci. Ba zan ɗora yara a kan kalmar da ke rikita su tun ranar farko ba.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: ƙarfe ne siriri, bai fi kaurin katin banki sosai ba, an fitar masa da kaifi a gefe guda bisa siffar abin da ake so, ko ganye, ko fure, ko ɗan itace. Za ki kifa shi a kan takarda, ki sa su tsakanin allunan roba biyu, ki tura cikin inji ki murza hannu. A cikin injin akwai sandunan ƙarfe biyu masu juyawa, su ke matse komai har kaifin ya ratsa takardar. Nawa Sizzix Big Shot ne, bakinsa inci 6, ya ishi katin da aka samu daga rabin takardar A4 idan an ninke, wato santimita 10.5 da 14.8. In kin murza sau ɗari, siffa ɗari za ki samu, babu wadda ta fi wata ko da gashi. Wannan shi ne abin da almakashi ba ya iyawa.

To kalma uku nake so: sunan ƙarfen, sunan aikin, da kuma abin da za mu kira "beri", wato sunan da Turawa ke tara 'ya'yan itace irin su sitiroberi a ciki, tunda da yawa daga cikin ƙarafan da ake shigo da su adonsu ke nan.

Wata 'yar'uwa daga Idi-Araba:
Anti, ai mu a kicin "kota" muke cewa, wadda muke fitar da fulawar donat ko biskit da ita. In babu, gwangwanin madara ma yana yi. Me zai hana ki ce kotar takarda?

Ƙanwata, kwatancenki ya zauna, kuma daga yau da gwangwanin madara zan fara bayani ga sabuwar ɗaliba. Amma kota aro ce ita ma, kuma a teburina ta riga ta yi miji: wuƙar nan mai reza da ake turowa, ita yaran ke kira kota. In na ba ƙarfen sunan, na koma gidan jiya.

Wani malamin makaranta daga Obalende:
Hajiya, ƙa'idar Hausa ta sauƙaƙa miki. Sunan kayan aiki da "ma" yake farawa: mabuɗi, magogi, masassabi. Ki ce mayanki. In kina son bambancewa, mayankin siffa.

Malam, na gode, kuma ban ƙi ba. Na kwana biyu ina juya "mayankin siffa" a bakina. Abin da ya hana ni natsuwa shi ne almakashi mayanki ne, wuƙa mayanki ce, reza ma haka. Kalmar ta faɗi cewa abin yana yanka, ba ta faɗi yadda yake yi ba. Ita wuƙa hannu ke jan ta, duk inda ya karkata ta bi shi. Shi wannan ƙarfen ba a jan sa. Siffar tana jikinsa tun daga maƙera, danna shi kawai ake yi. Ina so yarinya ta ji sunan ta san cewa dannawa za ta yi.

Wani dattijo, baduku, daga Mile 12:
'Yata, ni ban san aikin takarda ba, amma abin da kika kwatanta ba baƙo ba ne. Tun muna yara a Kano akwai ƙarafan da muke ɗorawa a kan jar fata mu buga, ado ya fito iri ɗaya a kan jaka ko kube. Kamar hatimi ne. Naki dai hatimi ne mai haƙori.

Baba, Allah ya ƙara girma. Tun da na karanta wannan na kasa zama. Ko a can ƙasar Turawa, ba a kan takarda aka fara wannan yanka ba, a masana'antun takalma aka fara a tsakiyar ƙarni na 19, domin fitar da fata iri ɗaya ba tare da an yanka kowace da wuƙa ba. Daga fata ya zo takarda. Ashe a hannun dukawa ya kamata in fara nema.

Hatimi. Kowa ya san shi: na ofis, na alƙali, na sarki a ƙasan wasiƙa. Kowa ya san ba a rubutu da shi, danna shi ake yi, kuma abin da ya fito jiya shi zai fito gobe. Duk abin da na ce "mayanki" bai faɗa ba, hatimi ya faɗa. Ina ganin mu ce ƙarfen hatimin yanka, aikin kuma yankan hatimi.

Wata mai sana'a irin tawa daga Alaba Rago:
Yaya, tsaya. Kin manta muna da hatimi na gaske a sana'ar nan? Na roba da muke shafa wa tawada mu buga "Barka da Sallah". In kin ce wa yarinya ta kawo hatimi, wanne za ta ɗauko?

Ban manta ba, 'yar'uwa, kuma wannan ne ma ya ƙara min ƙarfi. Ke kin san sau da yawa tare ake sayar da su a leda ɗaya: na roba ya buga hoton sitiroberi da ganyenta, na ƙarfe ya bi gefen hoton ya yanke shi cif. Wa da ƙani ne. Turanci ya ba su sunaye biyu da ba su san juna ba, mu kuwa sai mu ce hatimin tawada da hatimin yanka. Yarinyar da ta san ɗaya ta riga ta san rabin ɗayan. Jiya na gwada, na ce, "A buga da na tawada, a bi da na yanka." Babu wadda ta tambaye ni me nake nufi.

Kuma kalmar tana tafiya a jimla ba tare da tuntuɓe ba, wanda shi ne gwajin da nake yi wa kowace sabuwar kalma. Hatimin ya dakushe. Hatiman sun yi tsatsa. Wannan furen yankan hatimi ne, wancan na almakashi. A Shomolu ma ta shiga: nasu babba ne, katako ne da aka tsaga aka dasa masa siraran wuƙaƙen ƙarfe da aka lanƙwasa, aka liƙa soso a gefe domin ya turo takardar waje bayan an danna. Da shi suke fitar da kwalin magani, ambulan da katin gayyata dubu-dubu. Hatimin yanka ne na katako, nawa na ƙarfe zalla.

Tunda na ambaci tsatsa: duk mai wannan aiki a Legas ta san danshi abokin gaba ne. Da damina kwali mai kauri, mai nauyin giram 250 ko 300 a kowane murabba'in mita, yakan sha iska ya yi laushi, sai hatimin ya tauna shi maimakon ya yanka, gefen ya fito da gashi-gashi. Ina ajiye takarduna a leda mai zif, hatiman kuma a gwangwani tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ƙananan ramukan ƙwayar sitiroberi kuwa da tsinken sakace nake turo su waje ɗaya-ɗaya.

'Yar Idi-Araba ta dawo:
To injin fa, Anti? Yadda kika faɗe shi, ai injin taliya ne sak.

Sak. Taliyar da ake yi da shi 'yar murji muke ce mata, to wannan injin murji ne. Na karɓa ba gardama. Masu aiki da lantarki da kwamfuta, irin su Cricut, ba su shiga nan ba, domin ba su da hatimi, ƙaramar wuƙa ce ke yawo a kan takarda tana bin zane.

Saura "beri", kuma a nan ne zuciyata ta fi tsayawa.

Malamin Obalende:
Wannan sai dai ki ce ƙananan 'ya'yan itace. Ko dangin inabi, tunda a ilimin tsirrai inabi beri ne na haƙiƙa. A wajen masana ma tumatir da ayaba suna ciki, ita sitiroberi ba ta ciki.

Haka ne, Malam, amma mai sayen kati ba da ma'aunin masana take zuwa ba. Idan ta ce beri, tana nufin 'yan ƙanana, masu ruwa, ja ko baƙi-baƙi, waɗanda ake tsinka da yatsa a jefa a baki, su rina harshe. "Ƙananan 'ya'yan itace" ya yi tsawo a kan takardar farashi, kuma ya kwaso har da goro da gyaɗa a tunanin wasu. "Dangin inabi" ya fi, sai dai da zarar an ji shi hoton inabin kanti ne ke zuwa, ya rufe sauran.

Abin da ya dame ni ya wuce kalmar. Na zazzage gwangwanina na duba hatiman da nake da su: sitiroberi, bulakberi, da wani ganye mai ƙaya da jajayen 'ya'ya uku. Wannan na ƙarshen holi ne, adon Kirsimeti na ƙasashen sanyi. Tun da Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti na sayarwa na farko a Landan a 1843, kasuwar kati ta girma ne a kan bukukuwansu da itatuwansu, masu ƙera hatimi kuma suka bi kasuwa. Ban ga laifinsu ba. Amma ni da na taso ina tsintar kanya da magarya a bayan gari, ba ni da hatimi ko ɗaya na abin da na ci da bakina.

Sitiroberi kam a bar mata sunanta. Ta zama 'yar gida, ana noma ta a Filato, a Chaha kusa da Vom, da sanyin hunturu, har ta iso mana nan Legas a 'yan robobi. Kamar yadda tumatir da karas suka shigo da sunansu suka zauna, ita ma ta zauna.

Amma dubi abin da muke da shi. Ɗinya baƙa wuluk mai sheƙi, wadda ake maɗi da ita. Tsada ruwan ɗorawa mai tsami. Kanya, wadda har karin magana ta samu, ta nuna biri ya karye. Kurna da magarya. Sai faru, wanda yake zuwa gungu-gungu a reshe, wasu kore, wasu ja, wasu sun nuna sun yi shuni, duk a tare. Duk wadda ta taɓa haɗa kati ta san abin da wannan yake nufi: hatimi ɗaya, takarda kala uku, ki jera su a ɗan ɗaga wasu da gam mai soso, kati ya tashi. Hausa ba ta tara waɗannan a suna ɗaya ba saboda ta san kowanne da sunansa, da lokacinsa, da ɗanɗanonsa. In dole sai an tara su, ni na fi son dangin faru, domin shi ya fi kama da abin da ake nufi.

Mai sana'a daga Alaba Rago:
Yaya, yaran da aka haifa a nan ba su san faru ba. Nawa ma ba su sani ba. Ni dai "beri" zan ci gaba da rubutawa, kwastomomina Yarabawa da Ibo shi suka sani. Hatimin yanka kam na ɗauka.

Ban hana ki ba, kasuwa ce. Nima ga wanda ba ya jin Hausa da abin da ya sani zan yi masa magana. Amma a ajin Asabar dangin faru zan ce, in yarinya ta tambaya mene ne faru, in nuna mata.

Baba na Mile 12:
'Yata, shawara ɗaya. In za ki yi na magarya, ki yi 'ya'yan kaɗai, ki bar ganyen. Kin san da ganyen magarya ake wankan gawa. Kada ki kai wa amarya ko mai jego kati da shi, wata tsohuwar za ta gane.

Wallahi Baba ban kawo wannan a raina ba, kuma da na yi shi. Na cire ganyen daga zanen da na fara.

Ga inda muka tsaya: hatimin yanka, yankan hatimi, injin murji. Na rubuta su da babban baƙi na manna a bangon ɗakin aiki. Na kuma yi magana da wani mai haɗa hatimin katako a Shomolu, ya ce in na kawo zane mai tsabta, layinsa a rufe ba tsinkewa, kuma 'ya'yan ba su yi ƙanƙanta da yawa ba yadda ƙarfe zai ƙi lanƙwasuwa, zai yi min na gungun faru. Zanen ne ya rage, kuma ba na so in yi shi da ka. Baba, in motocin Arewa sun fara shigowa da faru, don Allah a ajiye min reshe guda da ganyensa, ko ya fara yaushi. Zan aiko yaro ya karɓa.