Jarabawar CSWP: kashi na farko ya kayar da ni, ta ina zan ɓullo masa?

Maƙerin_Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata huɗu ina zana injinan casar masara da manhajar zane ta SolidWorks a wani shagon ƙira a Kano. Bara na ci CSWA, jarabawar matakin farko ta shaidar iya manhajar, na ɗauka CSWP, ta matakin ƙwararru, ma haka za ta zo. Ranar Asabar na zauna kashi na farko, mai minti 70, na faɗi. Ba zanen ne ya gagare ni ba. Na gama, na rubuta nauyin ƙarfen, sai tambaya ta gaba ta ce in canza wasu awo in sake faɗin nauyin. Ina taɓawa komai ya wargaje, jajayen alamu ko'ina. Abin ya yi mini ciwo, don maigidana ne ya biya kuɗin. Waɗanda suka ci, yaya kuka yi?

Baba_Injiniya:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ba a tambayarka ko ka iya zane. Ana so a ga ko zanenka zai jure canji. Ka lura takardar tana ba awon haruffa, A, B, C, wani ma a ce rabin wancan ne a ƙara 10? Tun kafin ka ja layi ɗaya, shigar da haruffan nan a teburin lissafin manhajar, ka ɗaura kowane awo a kan harafinsa. In an ce ka canza, lamba kawai za ka sauya. Kada ka bar layi ko ɗaya shuɗi, sai ya yi baƙi, wato ya ɗauru. Gogar gefuna kuma bar ta sai ƙarshe, ita ce ta fi kawo jajayen nan.
A shago muna zana abu sau ɗaya mu miƙa wa mai walda, shi ya sa hannunmu bai saba ba.

Hajara_Samaru:
Ƙari a kan maganar Baba: idan tambaya ta zo da zaɓi, sai nauyinka ya yi daidai da ɗaya daga cikinsu kafin ka wuce. In bai yi ba, akwai kuskure, kuma zai bi ka cikin sauran tambayoyin. Duba irin ƙarfen da ka zaɓa, ka tabbata milimita da giram kake aiki da su. Ni alminiyon da ba shi ba na sa, na yi asarar minti goma ina neman laifin a zane. Kashi 75 cikin ɗari ake nema, kuma kashin jarabawar da ka faɗi kaɗai za ka maimaita, bayan kwana 14.

Ɗan_Kakuri:
Ka samu allo biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na aiki. Ka kuma cika batir, ka tanadi layin data na biyu, kada a ɗauke wuta kana tsaka da aiki.

Maƙerin_Sharaɗa:
Allah ya saka da alheri. Baba, wallahi ban taɓa buɗe teburin nan ba. Yau da dare zan sake zana murfin injinmu da shi, agogo a gabana.