Neman shawara: amfilifayar jita ta dijital da na'ura marar waya don wasan biki a ƙauye

Mai tambaya, makaɗin jita daga yankin Ringim:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina kaɗa jita a wata ƙaramar ƙungiya da ke amsa gayyatar biki da suna a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura, wani lokaci har Babura da Gumel. Kusan duk wasanninmu a fili muke yin su, ko dai a ƙofar gidan biki ko a filin makarantar firamare, kuma da janareta muke aiki, domin wasu garuruwan da muke zuwa ko turakun lantarki babu. Tsohuwar amfilifayata ta gaji, shi ya sa na ware wani abu daga kuɗin riɗin bana domin in sayi ta dijital, irin wadda ke kwaikwayon muryoyin amfilifayoyi iri-iri a cikin akwati ɗaya. Guda uku aka ambata mini: Boss Katana-50, da Fender Mustang LT25, da Roland Cube Street EX. Haka kuma ina son na'urar nan da ake maƙala wa jita ta riƙa aika sauti ba tare da waya ba, saboda idan aka fara liƙi jama'a sukan so mai jita ya shigo tsakiyarsu, ni kuwa waya ta ɗaure ni wuri ɗaya, ga yara suna tattaka ta. A kan babur nake ɗaukar kayana, don haka nauyi ma abin dubawa ne. Wanne ya kamata in fara saya, kuma me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Mai hayar kayan sauti, Gumel:

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin a zo maganar kamfani, ka sani cewa a fili babu bango ko rufin da zai dawo maka da sauti, saboda haka amfilifayar da take cika ɗaki tana iya ɓacewa da zarar an buga kalangu an kuma kunna fiyano. Mustang LT25 wat 25 ce, sifikarta inci 8, ta fi dacewa da atisaye a ɗaki, kuma ba zan ba ka shawarar fita da ita filin biki ba. Katana-50 wat 50 ce, sifikarta inci 12, nauyinta bai cika kilo 12 ba, don haka tana ɗauruwa a bayan babur. Sai dai kada lissafin wat ya ruɗe ka, domin ninka wat ba ya ninka ƙara a kunne, desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) kawai yake ƙarawa. Manyan sifikun da mawaƙinku yake rera waƙa da su su ne za su kai jitarka ƙarshen fili, ita kuwa amfilifayar da ke bayanka aikinta shi ne ka ji kanka da kanka.

A nan ne nake so ka lura sosai. A Katana-50 ta asali da samfurinta na biyu, wato MkII, ramin da ake ɗaukar sauti daga gare shi na abin sauraro na kunne ne, kuma da zarar ka soka waya a ciki sifikarta za ta yi shiru, sai ka tsaya kana kaɗawa jama'a suna ji kai ba ka ji. Katana-100 tana da rami na daban da ke aika sauti zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta aika wa manyan sifiku, alhali sifikarta tana ci gaba da aiki, amma ta fi tsada kuma ta kusa kilo 15. Idan kuɗinka bai kai nan ba, ka ɗauki mai 50 ɗin, ka ajiye makirfo dab da ragar sifikar, ɗan gefe kaɗan da tsakiyarta, ka kai shi miksa.

Mai gyaran rediyo da amfilifaya, Haɗeja:

Ɗana, abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne, amma ni da nake buɗe cikin waɗannan kaya a teburina zan ce maka ka fara da wuta. Yawancin amfilifayoyin da ake kawo mini a ƙone ba kiɗa ne ya ƙona su ba. Ƙaramin janareta irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai wutarsa tana hawa da sauka duk lokacin da aka ƙara masa kaya ko aka cire, kuma a gidan biki babu mai tambayarka kafin ya jona firij, ko fitilu, ko cajin wayoyi a layin da kake. Tsohuwar amfilifaya idan wuta ta yi ƙasa muryarta takan shaƙe ne ta ci gaba da aiki, amma ta dijital kwamfuta ce ƙarama, idan wuta ta faɗi sai ta mutu ta sake tashi, ka yi shiru na wasu daƙiƙoƙi a tsakiyar waƙa. Don haka cikin kuɗin riɗin nan ka cire na sitabilaiza tun farko, kuma ku ware wa kayan kiɗa layinsu daban. Ku bar janareta ya tashi ya daidaita kafin ku jona komai, ku kunna miksa, amfilifayoyi su zo a ƙarshe, idan an tashi kuma ku fara kashe amfilifayoyin kafin a kashe inji.

Abu na biyu, idan ta hannu za ka saya, ka juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da wurin shigar wuta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma da yawa daga cikin kayan da ake kawowa daga can ba sa karɓar tamu. Idan ka ga an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 117 ko 120 kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta, wanda ƙarin nauyi ne a kan babur, kuma ranar da wani yaro ya jona ta kai tsaye an gama.

Game da Cube Street EX da babu wanda ya taɓo, tana da wata daraja a wajena: batir takwas ƙananan nan na AA suna tafiyar da ita, tana kaiwa wat 50 a matakinta na sama na kimanin awa biyar, idan an rage ƙarfinta kuma ta fi haka daɗewa, sannan tana karɓar makirfo. Ko inji ya tsaya, kai da mawaƙi ba ku tsaya ba. Amma sifikunta inci 8 ne, kuma kaurin muryar jita a cikinta bai kai na Katana ba.

Mai kaɗa fiyano, Dambatta:

Yaya, ni ina ganin tunda kuna da miksa da manyan sifiku, ba dole ba ne ka sayi akwatin amfilifaya. Akwai ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa, irin su Boss GT-1 da Zoom G1 Four, waɗanda su ma suna kwaikwayon muryoyin amfilifaya, ana jona su kai tsaye a miksa, kuma batir huɗu na AA ke tafiyar da su. Ita Zoom ɗin har da batirin ajiya na cajin waya tana aiki. A jakar baya za ka saka ta. Sharaɗin kawai shi ne a ba ka sifika ɗaya da ke fuskantarka, in ba haka ba za ka riƙa jin jitarka daga nesa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sifikar da ke fuskantarmu guda ɗaya ce, kuma mawaƙi ne yake riƙe da ita, don haka ina ganin akwatin zan saya, tare da sitabilaiza kamar yadda Baba ya ce. Saura maganar na'ura marar waya.

Tsohon makaɗin jita, Rano:

Ƙanena, ita wannan na'ura ka bar ta a ƙarshen lissafi. Ƙananan da aka fi sani, kamar Xvive U2 da Boss WL-20 da Line 6 Relay G10, duk a zangon gigahaz 2.4 suke aiki, wato inda Wi-Fi da Bluetooth suke. Za ka ce a ƙauye babu Wi-Fi, amma a filin biki kowane saurayi da wayarsa, wasu sun buɗe wa abokansu intanet, wasu sun haɗa da ƙananan sifiku. Wani abin da ya fi wannan shi ne jikin mutum yana tare wannan zango. Nisan da kamfani yake rubutawa, mita 15 ga WL-20 da kimanin mita 20 ga U2, nisa ne na fili fetal inda na'urorin biyu, mai aikawa da mai karɓa, suke ganin juna. Kai kuwa so kake ka shiga tsakiyar masu liƙi, su kewaye ka ta kowane gefe, wato daidai wurin da sautin ya fi yankewa. Idan ka saya, ka sa mai karɓar sautin a sama da 'yar gajeriyar waya, a kan tebur ko a ɗaure a turken rumfa sama da kawunan mutane, kada ka bar ta a bayan amfilifaya a ƙasa. Makirfo marar waya na sanƙira ko mai gabatarwa yawanci a wani zango daban mai suna UHF yake, ba zai yi karo da kai ba.

Jinkirin sauti da ake tsorata mutane da shi ba shi ne matsala ba. A WL-20 bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba, sauti kuwa yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato daidai yake da ka matsa mita ɗaya daga sifika. Jinkirin da za ka ji na gaske shi ne idan ka yi nisan mita 20 daga amfilifayarka, a nan ne hannunka zai riga kunnenka, ka fara saɓa wa mai kalangu. Batirin U2 kimanin awa biyar yake yi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke gajiyar da batirin litiyam, don haka kada ka bar ta a rana ko a kan inji. Waya mai kyau ta mita 6 kuma kada ta bar jakarka.

Mai gyaran rediyo da amfilifaya, Haɗeja:

Malam, a nan na ɗan saɓa maka. Igiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, kuma yawancin janaretocin biki babu mai kafa musu ƙarfe a ƙasa. Idan wuta ta zubo a jikin amfilifaya ko miksa, mai jita yana riƙe da igiyoyi ya kai baki ga makirfo, ta jikinsa za ta bi, musamman da damina idan ƙasa ta jiƙe kuma ya cire takalmi a kan tabarma. Na'ura marar waya tana raba shi da amfilifayar gaba ɗaya, don haka a wajena ba kayan ado ba ce. Duk da haka ba ta maye gurbin gyara: a kafa ƙarfe a ƙasa a haɗa shi da jikin inji, kuma kada a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket.

Mai hayar kayan sauti, Gumel:

To, ƙanena, idan ka shiga Sabon Gari ka tafi da jitarka da wayarka, kada ka gwada da ta mai shago. Ka bar amfilifayar a kunne ta yi zafi, ka ɗaga ta sama yadda za ka yi a fili, ka murɗa kowane maɓalli kana sauraron ƙarar tsatsa, domin ƙurar hunturu a nan take fara shiga. Ka adana murya ɗaya, ka kashe, ka kunna, ka ga ko ta riƙe. Ita marar wayar kuma ka sa yaran shago su tsaya tsakaninka da amfilifaya, ka fita har bakin titi kana kaɗawa. Idan jitarka mai batir ce a ciki ka faɗa wa mai shago tun farko, domin ba kowace irin na'urar ce take jituwa da ita ba, kuma ku yi yarjejeniya a rubuce a kan rasit cewa za ka iya dawo da kaya idan suka ƙi aiki a bikin farko.