Kuɓewata tana yaushi da rana, fure na zuba: wa ya taɓa fuskantar haka?

Maman yara: Assalamu alaikum jama'a. Na shuka kuɓewa gindi 14 a bayan ɗaki, yau kwana 50 kenan, ta yi kyau har ta fara fure, amma tunda zafin nan ya tsananta da an yi azahar sai ganyen duk ya langaɓe kamar za ta mutu, furen ma yana zuba. Ina yayyafa mata ruwa sau uku a rana amma ba canji. Wallahi abin ya dame ni don na sha wahala a kanta.

Dattijo mai lambu: Wa alaikumussalam 'yata. Da farko ki duba ta da asuba. In kin ga ganyen ya miƙe to lafiyarta ƙalau, yaushin rana dabararta ce ta rage asarar ruwa. Kuɓewa 'yar zafi ce, dangin auduga da rama ce, sanyi ne ma yake hana ta girma. Abin da bai kwanta min ba shi ne yayyafin nan sau uku. Saiwarta doguwa ce tana nutsawa ƙasa, in kina jiƙa saman kawai rana za ta shanye kafin ya kai mata. Ni da sassafe nake ba ta, a gindi, a hankali har ya ratsa, sai in bar ta kwana biyu ko uku. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi a ƙasa kada ki ƙara.

Maman yara: To Baba furen fa? Shi ne ya fi ɗaga min hankali.

Dattijo mai lambu: Furen kuɓewa yini ɗaya yake yi, ya buɗe da safe ya rufe ya faɗi. Ki leƙa inda ya faɗo, in akwai ɗan tsinin kore a wurin to ɗa ya kama. In har da ƙullin gaba ɗaya yake faɗuwa, wannan ƙishi ne ko zafi da ya haura digiri 40.

Mai shuka a bokiti: Ni nawa a saman siminti yake, bokiti mai lita 20 gindi ɗaya a kowanne, na huda ƙasansu. Shekarar farko duk fure ya zube, ashe baƙin bokitin ne yake ɗaukar zafi yana dafa saiwar, da la'asar in ka taɓa shi ba ka iya barin hannu. Da na naɗe su da tsohon buhu na ɗora su kan katako, na kuma rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa kaurin yatsu huɗu, sai abin ya daidaita. Amma fa Baba a bokiti ba a iya jiran kwana uku, kullum nake ba su, wani lokacin safe da yamma.

Malamar makaranta: Ciyawar nan gaskiya tana aiki, ni ma shaida ce. Nawa kuskuren taki ne, na zuba kashin kaji da yawa wai don ta yi ƙarfi, ta yi tsawo ta fi ni, ganye faffaɗa kore shar, amma 'ya'ya sai ka ƙirga. Taki mai yawan sinadarin naitirojin, irin kashin kajin nan, ganye yake ƙarawa. Sannan 'yar'uwa ki shirya, da ta fara haihuwa ba hutu. Kwana 4 zuwa 6 bayan fure ɗan ya isa cira, tsawon yatsa kamar santimita 8 zuwa 10, kuma a zafin nan yau ki gan shi ƙarami jibi ya yi tauri wuƙa ba ta shiga. Na yi tafiyar kwana biyar na dawo na tarar duk sun ƙosa, kuma daga nan ta rage fure sosai, don in ta ga iri ya nuna sai ta daina ƙoƙari. Sai da na yanke su duka sannan ta farfaɗo. Ki riƙa sa riga mai dogon hannu, gashin jikinta yana sa ƙaiƙayi.

Sabon shiga: Ni tawa ko da asuba ba ta miƙewa, ga ta gajera ganye rawaya. Na tuge guda ɗaya na ga saiwar duk ƙulu-ƙulu.

Dattijo mai lambu: Wannan daban ne ɗana, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, sun fi son ƙasa mai yashi. Ruwa ba zai gyara ba. Ka tuge waɗanda suka kamu ka fitar da su daga lambun, kuma baɗi kada ka maida kuɓewa ko tumatir wurin, ka sa masara.

Maman yara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fita da asuba na duba, ganye a miƙe, kuma na ƙirga 'ya'ya tara da ban lura da su ba a ƙarƙashin ganye. Na daina yayyafin, yanzu zan je neman ciyawa. Malama, da wuƙa kike yanka ko karyawa kike da hannu?