Ɗakin da aka ce a ciki aka haifi Lincoln: shi ne ko ba shi ba ne?

Baban Ummi: Jama'a, jiya na kai yara Hodgenville a jihar Kentucky, inda aka haifi Abraham Lincoln ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Matakala 56 muka hau, adadin shekarunsa a duniya, sai ga ɗan ɗakin gumagumai a tsakiyar ginin dutse, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, an like tsakanin itatuwan da laka. Jikina ya yi sanyi da na tuna daga nan shugaban Amurka ya fito.

Maman Khalifa: Yaya, ka yi haƙuri, wurin dai shi ne, amma ɗakin ba shi ba ne. A 2004 masana sun ƙirga zoben shekarun da ke cikin itatuwan, suka gano sai bayan 1840 aka sare su. Iyayen Lincoln kuwa tun 1811 suka bar gonar.

Baban Ummi: To ya aka yi aka gina masa wannan katafaren gini?

Malam Na Zaure: Kasuwanci ne ya haifar da ruɗanin. Alfred Dennett ya sayi gonar a 1894, aka riƙa kwance ɗakin ana yawo da shi wuraren baje koli. A Nashville a 1897 an nuna shi tare da wani ɗakin da aka ce na Jefferson Davis ne, jagoran 'yan Kudu a yaƙin basasar Amurka, daga baya itatuwan suka cakuɗe. Da aka gama ginin a 1911 har rage girman ɗakin aka yi don ya shiga.

Baban Ummi: Duk da haka, Malam, ban yarda a raina shi ba. Gidan ƙasa ma yaɓe ake sake masa bayan damina, ba wanda ya daina kiransa gidan kakanni. Ummi ta ga irin talaucin da ya taso a ciki da idonta.

Maman Khalifa: Yaɓe a kan tsohon bango ake yin sa, Yaya. Nan ba a da tabbacin ko gungume ɗaya. Hukumar da ke kula da wurin ma ɗakin alama take kiransa. Abin da ya dame ni kada yara su tafi da kuskure.

Malam Na Zaure: Maɓuɓɓugar ruwan da ke gangaren tudun, Sinking Spring, ita ba a jayayya a kanta, daga nan iyalin suke ɗiba. Kun sauka?

Baban Ummi: Mun sauka, har yanzu ruwan na zuba cikin ramin dutse. Da daddare zan zaunar da Ummi in faɗa mata batun itatuwan.