Wai alƙali a Amurka ba ya iya sassauta hukuncin ƙwaya?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum. Masana shari'a, a raba mana gardama. Wai a Amurka in an kama mutum da safarar ƙwaya, ko alƙali ya tausaya masa ba shi da ikon rage shekarun? Nan Kamaru ma haka ne?

Malam Buba, Marwa:
Wa alaikumus salam. A kotunan tarayya haka yake tun dokar 1986, sikeli ke magana kafin alƙali. Hodar ibilis giram 500, mafi ƙaranci shekara 5. Kilo 5, shekara 10. Heroyin kuwa giram 100 shekara 5, kilo 1 shekara 10. Inda mutane ke faɗawa rami: ana auna kayan ne har da abin da aka gauraya. Ƙulli mai kilo ɗaya, ko rabinsa gari ne, kilo ɗaya za a rubuta. In gungu ne kuma, direba na iya ɗaukar nauyin kayan da bai taɓa da hannunsa ba, muddin ya kamata ya san ana safararsu.

Hajiya Ladi, Ngaundere:
Malam, ba ka ambaci bindiga ba. Mallakarta don kare sana'ar shekara 5 ce, nuna ta 7, harba ta 10, kuma ɗorawa ake yi a kan na ƙwayar, ba a haɗe ake cin su ba. Ƙaramar bindiga a durowa kusa da giram 500, goma ke nan cif. Mafita biyu ce. Ta farko ga wanda ba shi da dogon tarihin laifi, ba shugaban gungu ba, bai yi tashin hankali ba, ya kuma faɗi duk abin da ya sani. Bindiga na rufe wannan ƙofar. Ta biyu tona asirin manya, amma mai gabatar da ƙara kaɗai ke neman ragin. Shi ya sa ɗan aike da bai san kowa ba yakan fi ubangidansa daɗewa a gidan yari.

Baba Sale, Kusiri:
Ɗana, namu daban. Dokar ƙwaya ta 7 ga Agusta 1997 da ta makamai ta 14 ga Disamba 2016 sun sa mafi ƙaranci da mafi yawan hukunci, amma kundin laifuffuka ya ba alƙali damar sauka ƙasa da mafi ƙarancin in ya ga dalilin sassauci. Lauya ya roƙa kafin a yanke hukunci, ya kuma duba nauyin da jandarmomi suka rubuta ranar kamu ko ya dace da kayan da aka rufe da hatimi.