Neman shawara: hoton MRI na zuciya ga mai ciwon ƙoda

Assalamu alaikum 'yan uwa likitoci. Majinyacina ya zo da ciwon ƙirji, turoponin (sinadarin da ke hawa a jini idan tsokar zuciya ta ji rauni) ya hau, amma jijiyoyin zuciyarsa ba su toshe ba. Eko (hoton zuciya da ake ɗauka da sauti) bai raba gardama ba. MRI ne zai bambance kumburin tsokar zuciya da mutuwar sashenta, domin allurar gadoliniyam (sinadarin da ke haska hoton MRI) ce ke fito da tabo, mazaunin tabon kuma shi ke nuna musabbabi.

Cikas ɗin ƙodarsa ce: eGFR (ma'aunin yadda ƙoda ke tace jini) ƙasa da 30, inda ake ɗari-ɗari da gadoliniyam. Ga shi ba ya iya riƙe numfashi, wanda ake buƙata yayin ɗaukar hoton.

Shin ma'aunin T1 da T2 (awon tsokar zuciya da MRI ke yi) babu allura zai wadatar? Ko in jira ƙodar ta farfaɗo? Jiran ne ke damuna, don kumburin yana dusashewa da lokaci. Don Allah ku taimaka.