Mai sayen itace na son dogon yaron gonarmu gaba ɗaya

Ɗan Kance: Salamu alaikum. Marigayi Baba ya bar mana dogon yaro 34 a bakin gona, hanyar Matameye. Wani daga Damagaram ya taya jika 6 na sefa kowane, zai sare har ƙasa. Ɗakin Inna na yoyo, ga damina ta matso. In sayar duka ko rabi? Babu gawo a ciki.

Malam Na-Miriya: Kul ka taɓa gawo! Sai da takardar gandun daji. Da damina yake zubar da ganye, shi ya sa gero ke kyau a gindinsa.

Ɗan Kance: Allah gafarta Malam, ai na ce babu gawo.

Baban Hadiza: Ƙanena, ni aka yi wa. Bara waccan na sayar da 20, na tafi ta'aziyya Magarya kwana biyu. Ko da na dawo sun haɗa da aduwa biyu da kakana ya bari. Gatarinsu ba kaifi, duk sun farfasa kututturan, ruwa ya kwanta ciki suka ruɓe. 'Yan da suka tofo, awaki suka bi. Cikon jika 35 kuwa har yau ana ce mini gobe.

Mai Amalanke: Jika 6? Na ga an sayi mai kauri 15.

Hajiya Ta-Birni: 15 a ina? Namu 4 aka ba mu, har da godiya.

Injiniya: Sare kashi ɗaya cikin uku, tsayin gwiwa, a karkace don ruwa ya zurare. In ya tofo ka bar 2 ko 3 masu ƙarfi, ka kewaye da ƙaya. Kamar sassaben zamani ne, wato renon tohon kututture a gona, wanda ya faro a Maradi wajen 1983.

Baban Hadiza: Kai da ke Yamai cikin sanyin ofis, yaushe rabonka da gatari?

Injiniya: Kawu, mai gatarin ne dai aka cinye wa jika 35.

Mai Amalanke: A bar ɗaya saboda masu zazzaɓi, ganyen ya fi kinin ɗaci.

Hajiya Ta-Birni: Ku da kuka samu na sayarwa. Mu da dare ake hawa gawonmu, masu kiwon raguna su daddatse rassa. Da safe sai sawun amalanke.

Mai Amalanke: Hajiya, ba tawa ba ce.

Ɗan Kance: To jama'a, rabi ko duka? Jibi mutumin zai dawo.

Malam Na-Miriya: Hajiya, kin kai maganar wajen mai gari?